Farautar Balan-balan a Fadamun Gabashin Ingila

A daminar 2006 na je gaishe da dangin mahaifiyata a Damagaram, na tarar gari ya ɗauka da maganar wasu manya-manyan balan-balan da Turawa ke saki daga filin jirgin sama. Daga baya na fahimci cewa masana yanayi ne na Faransa da Amurka, a ƙarƙashin shirin binciken daminar Afirka ta Yamma da ake kira AMMA, suke tura su sama kimanin kilomita 20, iska ta kwashe su yamma zuwa Tekun Atlantika suna tafe suna auna yanayi. Tun daga ranar wata tambaya ta zauna mini a rai: idan abu ya tashi har ido ya daina ganinsa, ta yaya mai shi zai san inda yake, kuma ta yaya zai je ya ɗauko shi idan ya faɗo? Shekara da shekaru ina koyar da aikin rediyo da lantarki a wata makarantar koyon sana'a a Kano, na karanta amsar a takarda, amma ban gan ta da idona ba sai a watan Yuli na bara.

Ɗan yayata, wanda ke karatu a Kambirij, shi ya buɗe mini ƙofar. Ya shiga wata ƙungiyar masu rediyon sha'awa, wato mutanen da ke da lasisin magana da juna ta iska ba don kuɗi ba, kuma a cikinsu akwai waɗanda abin da ya fi ɗauke musu hankali shi ne tura balan-balan sama da bin sawunsa. Da ya ji zan zo bikin kammala karatunsa, sai ya ce, "Kawu, ka taho da 'yar rediyonka, akwai tashi ranar Asabar, kuma na roƙa maka kujera a motar da za ta bi shi."

Na tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, muka yada zango a Alƙahira, muka sauka a Landan da rana tsaka. A wurin bincike wani jami'i ya ciro 'yar rediyon hannuna da eriyarta ya tambayi aikinsu, na yi masa bayani, ya mayar mini da su cikin mutunci. Daga tashar King's Cross jirgin ƙasa ya kai mu Kambirij a ƙasa da awa guda. Ranar Juma'a muka yi salla a babban masallacin da ke titin Mill Road, wanda aka buɗe a 2019, mai ginshiƙan katako da aka saƙa kamar rassan itatuwa. Abin da ya fi wahalar da jikina shi ne tsawon yini, domin a Yuli rana ba ta faɗuwa a can sai bayan ƙarfe tara na dare, kuma kafin mutum ya yi wani barcin kirki asuba ta yi.

Da ƙarfe takwas na safiyar Asabar muka isa wani fili a gefen gona, yamma da birnin. Mutanen ba su kai goma ba, yawancinsu masu furfura, sai wata malamar firamare da ta kawo ɗalibai biyu. Jagoran tafiyar wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin wayar tarho, mai ƙarancin magana, kuma abin da ya fara nuna mini takarda ce, ba na'ura ba. Izini ne daga hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasar, domin duk balan-balan da faɗinsa zai wuce mita biyu a kowane mataki na tafiyarsa sai an nemi izini, ana miƙa buƙatar kwana 28 kafin ranar, hukumar kuma ta fitar da sanarwa ga matuƙan jirage. Ya ce duk wanda ya tsallake wannan matakin ya ɓata wa kowa suna, kuma na ga gaskiyarsa, don yankin cike yake da filayen jiragen sama na farar hula da na soja.

Kayan da za a tura ba su da wani kwarjini. Akwati ne na farin soson nan da ake naɗe sabon firiji da shi, an ɗaɗɗaure shi da salatif mai launin ruwan lemo don a hango shi daga nesa, nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba. A ciki akwai 'yar kwamfutar Raspberry Pi da kyamara, da na'urar GPS, da masu aika saƙo guda biyu, da batura na litiyom, waɗanda aka zaɓa saboda sauran batura kan mutu a sanyin da ke can sama, inda yake kaiwa digiri 50 ƙasa da sifili har ya wuce. Dattijon ya ja hankalina ga wani tarko da ya sha cin sababbin shiga: wasu na'urorin GPS, a yadda suka fito daga kamfani, sukan daina ba da wuri idan suka wuce kimanin kilomita 12, sai an umarce su tun daga ƙasa cewa a cikin abin tashi suke. Wanda ya manta da wannan umarni, akwatinsa zai ci gaba da magana amma ba zai iya faɗin inda yake ba.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne ƙarfin mai aika saƙon. Miliwat 10 ne kacal, a kan megahaz 434, ƙarfin da bai kai na ɗan ƙwan fitilar da ke jikin caja ba. Dalili kuwa na doka ne: shekaru da yawa lasisin masu rediyon sha'awa a Birtaniya bai ba su damar aika saƙo daga abin da ke tashi a sama ba, sai suka koma ga wannan zango da kowa ke da damar amfani da shi ba lasisi, muddin bai wuce wannan ɗan ƙarfi ba. A Amurka, inda doka ta sakar musu mara, sukan yi amfani da APRS, tsarin aika bayanin wurin da abu yake ta rediyo, a kan megahaz 144.390. Na ce wa dattijon a ƙasa wannan abu ba zai wuce unguwa ɗaya ba. Ya ce haka ne, amma in jira ya hau.

Aka shimfiɗa tamfol don kada ciyawa ta huda robar, kowa ya sa safar hannu, aka fara ɗura iskar hiliyom daga tukunya. Akwai masu amfani da haidurojin saboda arha, amma tana kama wuta, kuma yau akwai yara. Yadda ake auna isar iskar ya burge ni da sauƙinsa: ana rataya galan na ruwa mai nauyin da aka riga aka lissafa a wuyan balan-balan ɗin, idan ya fara ɗaga galan ɗin daga ƙasa, to ya isa. Idan iskar hiliyom ɗin ta yi kaɗan, zai hau a hankali, iska ta kai shi teku kafin ya fashe. Idan ta yi yawa, zai fashe da wuri. Abin da ake nema shi ne hawan mita biyar a kowace daƙiƙa. Aka ɗaura laimar saukowa a ƙasansa, sannan akwatin a ƙarshen doguwar igiya, dattijon ya buga waya ya sanar da masu kula da sararin samaniya, da ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin ɗaya daga cikin yaran ta buɗe hannunta. Cikin minti biyar girgije ya haɗiye shi.

Muka shiga mota mu uku. Dattijon na tuƙi, ɗan yayata na gaba da kwamfuta a cinya, ni kuma ina baya da rediyo da abin sa wa a kunne, an manna eriya mai maganaɗisu a kan rufin motar. Ɗaya daga cikin masu aika saƙon na amfani da sabuwar fasahar LoRa, wadda ke iya turo har da hotuna. Ɗayan kuwa tsohon tsarin RTTY ne, murya biyu da ke musanya da sauri kamar kukan gyare, kuma shi aka ba ni in lura da shi. Kwamfuta na juya kukan zuwa rubutu: sunan balan-balan ɗin, lambar saƙo, lokaci, wurin da yake, tsayinsa, sai 'yan haruffa a ƙarshe da ke tabbatar da cewa saƙon bai gurɓata ba a hanya.

A nan na ga amsar tambayata ta Damagaram. Ba mu kaɗai ke sauraro ba. Duk wanda ya kama saƙon a gidansa, kwamfutarsa na tura shi ta intanet zuwa taswirar SondeHub, inda ake ganin balan-balan ɗin na tafiya da sunayen kiran waɗanda suka ji shi, wato haruffa da lambobin da ake gane kowane mai lasisi da su a iska. Da farko sunaye uku ne, duk na kusa, masu farawa da G ko M, alamar Ingila. Da ya wuce kilomita 15 sai ga masu PA daga Holan, da masu ON daga Beljiyam, daga baya har da Faransa da Jamus. Babu wanda ya biya su, yawancinsu ba su taɓa ganin dattijon ba, sun dai ga sanarwa sun juya eriyoyinsu. Lissafin a bayyane yake: abin da ke kilomita 30 a sama yana kallon ƙasa har nisan da ya haura kilomita 600 ta kowane ɓangare, ba tudu ba gini a tsakani. Na auna shi da gida a zuciyata, na ga da a saman Kano yake, da mai eriya a Maiduguri da na Sakkwato da na Abuja da na Agadas duk za su ji shi lokaci guda. Sai na tuna yadda ba kasafai ake jin sunan kira mai farawa da 5N na Nijeriya ko 5U na Nijar a iska ba, abin ya sosa mini rai, don ba ƙarfin na'ura muka rasa ba, yawan kunnuwa muka rasa.

Muka kama hanyar A10 zuwa arewa. Tun daga Kambirij har inda muka tsaya babu shingen bincike ko ɗaya, babu mai tsayar da mota ya tambayi dalilin eriya a kan rufi. Na yi tunanin irin bayanin da za mu sha yi da a hanyar Kano zuwa Daura muke, da waya a kunne da kwamfuta a cinya, a wannan zamani na rashin tsaro, kuma ban ga laifin mai tambayar ba; sai dai na ƙudurta cewa duk ranar da za mu yi irin wannan a gida, da takardar hukuma da sanin masu unguwanni za mu fara.

Ƙasar da muka shiga ita ake kira Fens, shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, baƙa wuluk, ta fi fadamar Haɗeja laushi. Da can dausayi ce, sai a ƙarni na 17 wani injiniya ɗan Holan, Cornelius Vermuyden, ya jagoranci haƙa manyan magudanai miƙaƙƙu aka janye ruwan. Ƙasar ta yi ta lotsawa bayan ta bushe, har wasu wuraren suka koma ƙasa da matakin teku, shi ya sa za ka ga kogi na gudana tsakanin ganuwa biyu a saman gonakin da ke gefensa. Ana noman alkama da dankalin turawa da wani saiwa mai kama da ƙaton karas fari da ake yin sukari da shi. Daga nisa muka hango babbar majami'ar Ely, wadda aka fara ginawa a 1083, tana tsaye a kan ɗan tudunta kamar jirgin ruwa.

A Ely muka tsaya muka jira, don ba a bin balan-balan a ƙarƙashinsa, inda zai sauka ake nufa. Akwai manhajar hasashe da ɗaliban Jami'ar Kambirij suka fara ƙirƙira, tana ɗaukar bayanan iska na hukumar yanayi ta Amurka ta zana hanyar da zai bi. Iskar ƙasa da ƙaƙƙarfar iskar da ke kusan kilomita 10 sun tura shi arewa maso gabas har muka fara tsoron dajin Thetford, inda dogayen itatuwa da filin atisayen soja suke, wurin da ba mai shiga. Amma da ya haura kilomita 20 sai ya rage gudu ya juyo yamma, kamar yadda dattijon ya faɗa tun da safe, domin a lokacin zafi iskar can sama daga gabas take busowa. A wannan tsayi iska ta yi siriri ƙwarai, robar na ta kumbura har ta kai girman ɗaki babba. Da ƙarfe ɗaya da minti goma, a tsayin da ya ɗan haura kilomita 33, lambobin da ke hawa suka tsaya, suka fara sauka. Ya fashe.

Faɗowar farko tana da ban tsoro, don babu isasshiyar iskar da za ta cika laimar, akwatin na zubowa da gudun da ya fi na motar da ke kan babbar hanya, kukan da ke kunnena na rawa saboda juyawar da yake yi. Sai a hankali laimar ta kama. Muka bi ta Littleport, muka bar kwalta mai faɗi muka shiga 'yan siraran hanyoyi da magudanar ruwa a kowane gefe. Yana sauka, sunayen da ke taswira na ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, na Jamus da Holan suka fara tafiya, sannan na nesa a Ingila, har ya rage mu kaɗai. A tsayin mita 900 wata ganuwar kogi ta shiga tsakaninmu da shi, saƙo ya yanke.

Daga nan taswira ba ta da sauran amfani. Muka je inda hasashe ya nuna, tsakanin Littleport da Downham Market, ba mu ga komai ba sai alkama. LoRa ta yi shiru gaba ɗaya. Dattijon ya buɗe bayan mota ya ciro eriyar Yagi, sanda ɗaya da 'yan ƙarafa a gicciye, wadda ke ji sosai ta inda aka nuna ta kawai, ya miƙa mini ya ce kunnena ya riga ya saba da muryar. Na hau kan ganuwar na riƙa juyawa a hankali. Shuu kawai nake ji, sai can ta wajen arewa na tsinkayi kukan gyaren nan, siriri har kwamfuta ba ta iya karanta shi. Muka ja layi a taswirar takarda, muka yi tafiyar kilomita uku zuwa wani wurin, na sake juyawa, muka ja layi na biyu, inda suka haɗu nan muka nufa. Sau huɗu muna yin haka, domin rumbunan ƙarfe na gonaki na mayar da sigina su ruɗar da mutum, kuma sau biyu magudana ta tare mu, ga wuri muna gani amma gada na da nisan kilomita biyar. A nan ne wata ciyawa mai ƙaiƙayi, 'yar'uwar ƙarara, ta kama ni a hannu, na yini ina jin zafinta.

Wajen ƙarfe biyar da rabi ɗan yayata ya ce, "Kawu, ɗaga kanka." A cikin jerin dogayen itatuwan da aka shuka don tare iska, can kusa da ƙololuwa, ga laimar ta naɗe reshe, akwatin na lilo a ƙasanta, tsayin da ya kai bene mai hawa huɗu. Tsakaninmu da shi ƙofar gona ce a rufe, wadda yaro ma zai iya tsallakewa. Dattijon bai ko taɓa ta ba. Ya ce gonar mutum ce, ba a shiga sai da izininsa. Wannan ya yi mini daɗi ƙwarai, don ita ce tarbiyyar da aka yi mana, ba a faɗa wa gida ba sallama. Muka zagaya gidan gonar, matar manomin ta ce mijinta ya tafi wani gari sai dare, mu dawo da safe.

Muka kwana a wani ɗan masauki a Downham Market, fam 70 ɗaki ɗaya har da karin kumallo, ni da ɗan yayata muka raba. A lokacin fam ɗaya na kewayen naira 2,000, don haka kifi da soyayyen dankalin da muka ci a kan fam 12 kowane mutum sai da na lissafa shi da kuɗin cefanen gida na kwanaki. Dattijon ya gaya mini cewa robar da iskar da man mota su ne kuɗin da ke tafiya ba dawowa a kowane tashi, akwatin kuwa idan an same shi ana sake tura shi, shi ya sa ba a barinsa a kan itace. A daren ya ba ni labarin wata farautar da ba ta buƙatar ka saki komai: tashoshin yanayi a faɗin duniya, har da na Yamai, na sakin balan-balan ɗauke da 'yar na'urar aunawa, galibi sau biyu a rana, suna magana tsakanin megahaz 400 da 406, kuma masu sha'awa kan bi su su tsinto su a gonaki. Kafin in kwanta na buɗe taga na kunna rediyo, ban ji komai ba saboda nisa, na kwana ina addu'ar kada ruwa ya sauko.

Da ƙarfe bakwai manomin na jiranmu a bakin ƙofa. Dattijon ya harhaɗa dogayen sandunan da ya zo da su da ƙugiya a kai, suka gaza da kusan mita uku. Manomin ya tsaya yana kallo bai ce uffan ba, sai ya juya ya tafi, jim kaɗan ya dawo da motar ɗaga kaya mai dogon hannu da kejin tsayawa a bakinta. Aka ɗaga ɗan yayata da sanda a hannu, ya saƙalo igiyar a karo na uku, akwatin ya sauko ta cikin ganye. Da na kara rediyo, tsohon mai aika saƙon na nan yana kuka bayan kusan awa ashirin. Da aka buɗe, aka ga wayar batirin LoRa ce ta fita lokacin da ya bugi reshe.

A kan murfin mota muka buɗe hotunan, manomin da matarsa na leƙowa. Sama baƙa ƙirin da tsakar rana, ƙasa ta lanƙwasa, wani siririn zare shuɗi ya raba su, shi ne duk iskar da muke shaƙa. A wani hoton ana ganin gaɓar tekun da ke arewa da Fens, wadda ake kira Wash, da biyu daga cikin magudanan nan na Vermuyden a miƙe kamar an ja su da rula, manomin ya sa yatsa yana neman gonarsa. Ya ƙi karɓar ko kwabo na man motarsa, ya ce a dai aiko masa da hoton ya rataya a ɗaki.

Ranar da zan taho dattijon ya zo har tashar jirgin ƙasa ya ba ni wata farar na'urar aunawa ƙirar Vaisala RS41 da ya tsinta a wata gona, da takarda mai ɗauke da awon eriyar Yagi da ake yi da tef ɗin awo na ƙarfe da bututun roba. Mako biyu da dawowata Kano na sayi tef biyu a kasuwar Sabon Gari, ni da ɗalibaina muka yanka muka haɗa. Na ɓoye ɗan ƙaramin mai aika saƙo a bayan tankin ruwan makaranta, na raba su rukuni uku, kowane da taswirar harabar da fensir. Rukunin farko bangon ɗakin gwaji ya ruɗe su suka nufi ƙofar shiga. Wata yarinya a rukuni na biyu ta ce a matsa gefe a sake jan layi, kuma cikin minti ashirin da biyar ta dawo da shi a hannunta.